Shirya Ɗalibai Shiga Gasar Bidiyon Kimiyya: Rawar Malamin Hausa a Makarantun Tambuwal da Kebbe

1.0 Gabatarwa

Ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe suna cikin ƙananan hukumomi 23 na Jihar Sakkwato, kuma dukansu suna yankin kudancin jihar. Mafi yawan ɗaliban makarantun wannan yanki 'ya'yan manoma ne da makiyaya da masu sana'o'in hannu. Da Hausa suke tashi, da ita suke tunani, amma da Ingilishi ake rubuta musu darasin kimiyya a kan allo. Wannan ya sa akan sami ɗalibin da ya haddace ma'anar abu tsaf, amma idan aka ce ya bayyana shi da bakinsa sai ya yi tsuru-tsuru. Gasar bidiyon kimiyya tana fito da wannan rauni fili, domin a gaban kyamara hadda ba ta da wurin ɓuya. Wannan babi zai bayyana mece ce wannan gasa, da matakan da ake bi wajen shirya ɗalibi ya shige ta, da kuma aikin da ya rataya a wuyan malamin Hausa a cikin shirin.

2.0 Ma'anar Gasar Bidiyon Kimiyya

Gasar bidiyon kimiyya ita ce gasar da ake neman ɗalibi ya zaɓi wani batu na kimiyya ko lissafi, ya bayyana shi cikin ɗan gajeren bidiyo, ta yadda wanda bai taɓa sanin batun ba zai fahimta. Ta bambanta da kacici-kacici, inda ake neman amsa ɗaya cikin gaggawa. Ta kuma bambanta da baje kolin ƙere-ƙere, inda abin da aka ƙera ne ake dubawa. A nan bayani ne kayan kasuwar. Wato abu biyu ake aunawa a lokaci guda: sanin kimiyya da iya sarrafa harshe.

2.1 Misali Daga Gasar Duniya

Fitacciyar gasa irin wannan ita ce Breakthrough Junior Challenge, wadda aka fara a shekarar 2015. Ɗalibai masu shekara 13 zuwa 18 daga ƙasashen duniya ne suke shiga, kowa a kan kansa, kuma harshen gasar Ingilishi ne. Ana zaɓen batu daga ilimin halittu ko fiziks ko lissafi. Tsawon bidiyon da aka yarda da shi ya yi ta sauyawa. A shekarar 2024 minti 2 ne iyakarsa. Wanda ya yi nasara yana samun tallafin karatu na dala 250,000, malamin da ya ambata a matsayin wanda ya zaburar da shi yana samun dala 50,000, makarantarsa kuma ana yi mata ɗakin gwaje-gwaje na dala 100,000. Ana duba abubuwa huɗu: jan hankalin mai kallo, haskaka batun, ƙirƙira, da wuyar batun da aka ɗauko. A matakin farko, masu shiga gasar ne da kansu suke duba bidiyon junansu kafin a miƙa wa alƙalai.

Ryan Chester daga Amurka ne ya fara cinye gasar a 2015. A 2017 Hillary Andales daga ƙasar Filifin ta cinye, a 2021 kuma Amber Kwok daga tsibirin Mauritius na nahiyar Afirka. Wannan ya nuna gasar ba ta manyan ƙasashe ce kaɗai ba.

2.2 Gasanni na Cikin Gida

A Nijeriya an daɗe da sanin ƙungiyar ɗalibai ta JETS, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya take shirya wa gasar kacici-kacici da ta ƙere-ƙere tun daga matakin jiha zuwa na ƙasa. Haka kuma Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, wato STAN, da aka kafa a 1957, tana shirya irin waɗannan gasanni. Ɗalibin da ya saba tsara bayani don bidiyo zai fi iya kare aikinsa a gaban alƙalan waɗannan gasanni. Bugu da ƙari, babu abin da zai hana makarantu biyu ko uku, a ce ɗaya daga Tambuwal, ɗaya daga Dogon Daji, ɗaya daga Kebbe, su shirya tasu ƙaramar gasar da Hausa a ƙarshen zango. Daga irin wannan ƙaramin fage ne ake gane wanda za a tura babban fage.

3.0 Zaɓen Batu

Kuskuren farko da ɗalibai kan yi shi ne ɗauko batun da suka ji sunansa yana da daɗi, alhali ba su taɓa ganinsa ba, ba su kuma da hanyar nuna shi. Batu mai kyau yana da siffofi uku: ya zama tambaya ɗaya tak, ya zama ana iya nuna shi a gani da ido, ya kuma zama ɗalibin ya fahimce shi har yana iya amsa tambaya a kansa. Muhallin ɗalibi cike yake da irin waɗannan tambayoyi. Alal misali:

(a) Me ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi?
(b) Me ya sa zanen da aka tsamo daga marina yake fitowa kore-kore, sai ya sha iska ya koma shuɗi?
(c) Me bagaruwa take yi wa fata a majema har ta daina ruɓewa?
(d) Me yake mayar da madara kindirmo cikin dare ɗaya?
(e) Me ya sa ruwan zoɓo yake ƙara ja idan an matsa masa lemon tsami, amma launinsa ya juye idan an sa masa kanwa?

Kowace daga cikin waɗannan tambayoyi tana da amsa a manhajar kimiyya ta sakandare, kuma kayan gwajinta suna nan a kasuwar Tambuwal ko ta Kebbe. Gasar duniya tana ba da maki a kan wuyar batu, amma wuyar tana samuwa ne daga zurfin da aka bi tambaya, ko da daga tsakar gida ta taso.

3.1 Misalin Randa

A lokacin bazara zafin ƙasar Sakkwato yakan haura digiri 40 a ma'aunin Selsiyos, amma ruwan randa yana nan da sanyinsa. Dalili shi ne jikin randa yana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu zuwa bayan randa, iska ta busar da shi. Kafin ruwa ya rikiɗa ya bi iska, sai ya sami zafi, kuma daga jikin randar da ruwan da ke cikinta yake ɗibar wani kaso na wannan zafin. Giram ɗaya na ruwa yana tafiya da zafi kimanin jul 2,400, wanda ya isa ya rage zafin fiye da rabin lita na ruwa da digiri ɗaya. Jarkar roba ba ta da waɗannan ƙofofi, saboda haka babu abin da yake fitar mata da zafi. Wannan bayani ne kuma ya sa randa ta fi sanyaya ruwa a lokacin da iska take bushe, kamar bazara da hunturu, fiye da tsakiyar damina lokacin da iska take ɗauke da laima.

A kan wannan ka'ida ce Malam Muhammad Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a shekarun 1990. Ana sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, sai kayan gwari su daɗe ba su lalace ba. Wannan aiki ya samo masa kyautar Rolex ta dala 75,000 a shekarar 2000. Darasin da ke nan ga malami mai neman ƙwarewa shi ne, abin da yaro yake wucewa kullum a ɗakin mahaifiyarsa yana iya zama batun da duniya za ta saurara.

Domin bidiyo ya zama na kimiyya, ba labari kawai ba, dole a yi gwaji. A sami randuna biyu masu girma ɗaya da jarka ɗaya. A naɗe randa ɗaya da leda ta yadda iska ba za ta taɓa jikinta ba. A zuba ruwa daidai wa daida daga rijiya ɗaya, a ajiye su a inuwa ɗaya, a riƙa auna zafinsu da safe da azahar da la'asar har kwana uku, ana rubutawa. Randar da aka naɗe ita ce shaidar da za ta raba gardama: ko yumɓu ne da kansa yake da sanyi, ko kuwa bushewar ruwa ce take kawo sanyin.

4.0 Matsayin Harshe

Bayyana kimiyya da Hausa ba sabon abu ba ne. Littattafan Ikon Allah na Dokta R. M. East da Alhaji Abubakar Imam sun yi wannan aiki tun tsakiyar ƙarni na 20. A ƙasar Yarbawa kuma, gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya koyar da yaran firamare darussa, har da kimiyya da lissafi, da harshen Yarbanci na tsawon shekara shida, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba. Manufar gwamnati a kan wannan al'amari ta sha sauyawa. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a shekaru shida na firamare, sai kuma a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi ya sanar da soke wannan tsari da komawa ga Ingilishi. Duk yadda manufa ta juya, abu ɗaya bai sauya ba: yaron Kebbe da Hausa yake fara fahimtar abu kafin ya iya faɗarsa da wani harshe.

4.1 Keɓaɓɓun Kalmomi

Hausa tana samun kalmomin kimiyya ta hanyoyi sanannu. Akwai aro, kamar oksijin da kwamfuta da batir. Akwai ƙirƙira ta hanyar harɗa kalmomi, kamar ma'aunin zafi da tauraron ɗan'adam. Akwai kuma faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma, kamar yadda wuta ta ɗauki ma'anar lantarki. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya yi amfani da irin waɗannan hanyoyi a fagen nazarin harshe da adabi, kuma malami zai iya koyi da tsarinsa.

Inda haɗari yake shi ne kalmomin yau da kullum da suke ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya, alhali kimiyya ta raba ma'anonin. Ga misalai:

Narkewa: Bahaushe yana cewa man shanu ya narke a rana, yana kuma cewa gishiri ya narke a ruwa. A kimiyya waɗannan abubuwa biyu ne daban. Na farko zafi ne ya mayar da daskararren abu ruwa-ruwa, na biyu kuwa abu ne ya watsu cikin wani.

Zafi: kalmar tana nufin abin da yake ƙaura daga jiki zuwa jiki, tana kuma nufin matakin da ma'auni yake nunawa. Randa cike da ruwa mai ɗumi tana iya fin cokalin tafasasshen ruwa tarin zafi, ko da yake ma'auni zai nuna cokalin ne a sama.

Tururi: da an ambace shi, yaro tukunya a kan murhu yake gani. Idan aka ce ruwan jikin randa yana zama tururi, sai ya ɗauka tafasa ake nufi. Gara a ce ruwan yana bushewa ya bi iska, kamar yadda wanki yake bushewa a kan igiya ba tare da an dafa shi ba.

Iska: tana nufin wadda ake shaƙa, da wadda take kaɗawa, da kowane irin gas, har ma da iskokin da ake ambata a al'ada.

Aikin malamin Hausa shi ne ya zauna da malamin kimiyya su tantance wace ma'ana ake nufi, su zaɓi kalma ɗaya, su bayyana ta sau ɗaya a farkon bidiyo, sannan kada a sauya ta har ƙarshe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: malamin kimiyya ya san abin, malamin Hausa ya san inda kalma za ta ɓatar da mai sauraro.

4.2 Karin Harshe

Ɗaliban wannan yanki Sakkwatanci suke yi. Suna cewa shina zuwa a maimakon yana zuwa, yaz zo a maimakon ya zo, biyat a maimakon biyar, hwata a maimakon fata, sure a maimakon yakuwa. Wannan ba kuskure ba ne, karin harshe ne mai tsarinsa da tarihinsa. Idan bidiyon na gasar cikin yanki ne, barin ɗalibi ya yi magana da karinsa yana sa ya saki jiki. Amma duk abin da za a rubuta a fuskar bidiyo, kamar take da sunayen kaya da fassarar ƙasa, ya kamata ya bi Daidaitacciyar Hausa da ƙa'idojin rubutunta, tare da kiyaye haruffa masu lanƙwasa. Bambancin kafa da ƙafa, ko dauri da ɗauri, ya isa ya juya ma'anar jimla.

4.3 Daga Hausa Zuwa Ingilishi

Idan gasar ta Ingilishi ce, matakin da ya fi dacewa shi ne ɗalibi ya fara bayyana batun da Hausa ga wanda bai yi boko ba, kamar kakarsa ko maginiyar tukwane. Duk inda ta ce ba ta gane ba, nan ne fahimtarsa take da giɓi. Sai bayanin ya zauna da Hausa sannan a sake gina shi da Ingilishi tare da malamin Ingilishi. Ba fassarar kalma da kalma ake so ba, domin jimlar da ta yi daɗi a wannan harshe tana iya zama kwan-gaba-kwan-baya a wancan.

5.0 Rubuta Tsarin Bidiyo

Minti 2 lokaci ne ƙanƙane. Mai magana a natse da wuya ya wuce kalmomi 250 zuwa 300 a cikinsa, saboda haka sai an rubuta, an karanta da agogo a hannu, an rage. Tsarin yakan ƙunshi sassa huɗu: tambaya, nuni, bayani, da amfani. Ana raba takarda gida biyu, a dama a rubuta abin da za a faɗa, a hagu abin da za a gani. Ga misalin buɗewa:

Abin gani: hannu ya tsoma ma'aunin zafi a jarka, sannan a randa.
Abin faɗa: "Rijiya ɗaya aka ɗebo su, inuwa ɗaya suka wuni. To, wa ya sanyaya wannan, ya bar wancan?"

A lura cewa babu doguwar gaisuwa. A al'adar Bahaushe shiga magana ba sallama rashin ladabi ne, don haka ɗalibai kan cinye rabin minti suna gaida shugaban makaranta da malamai da iyaye. Sallama ɗaya ta wadatar, godiya kuma a rubuta ta a ƙarshe. Haka nan jimloli su zama gajeru, kowace da saƙo ɗaya, kuma kada baki ya maimaita abin da ido ya riga ya gani.

6.0 Ɗaukar Bidiyo

Wayar hannu mai kyamara ta isa. A kwantar da ita a kwance, a jingina ta da littattafai ko a ɗaure ta a sanda don kada hoto ya yi rawa. Hasken hantsi da na bayan la'asar sun fi na tsakar rana, kuma rana ta kasance a bayan mai ɗauka. Sauti ya fi hoto muhimmanci, domin mai kallo yana haƙuri da hoto mai duhu amma ba ya haƙuri da maganar da ba ya ji. A guji ranar kasuwa da kusa da injin niƙa da lokacin da iskar hunturu take kaɗawa. A ɗauki bidiyon gutsure-gutsure, kowane sashe sau biyu ko uku, sannan a haɗa. Inda babu tabbacin wutar lantarki ko ƙarfin intanet, a yi cajin waya tun dare, a kuma shirya tafiya inda sabis yake da ƙarfi a tura aikin mako guda kafin ranar rufewa. Wanda ya bari sai ranar ƙarshe ya jingina wahalar wata biyu a kan sabis ɗin yini ɗaya.

7.0 Izini da Amana

Bidiyon da ya hau intanet ya fita daga hannun mai shi. Saboda haka dole a nemi izinin iyaye a rubuce kafin a ɗauki fuskar yaro. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta neman amincewar iyaye ko waliyyi a kan bayanan wanda bai kai shekara 18 ba. A rubuta takardar da Hausa, a karanta wa iyayen da ba su karatun boko, a bayyana musu inda bidiyon zai je. Idan iyayen ɗaliba ba su yarda a nuna fuskarta ba, a duba ƙa'idar gasar. Idan ta ba da dama, ana iya nuna hannuwanta da kayan gwaji, muryarta tana bayani. Wannan ya fi a cire ta gaba ɗaya. Saboda yanayin tsaro, kada a nuna ɗakunan kwanan ɗalibai ko hanyoyin shiga makaranta, kada kuma a kai yara daji don neman hoto.

Amana ta biyu ta shafi aikin kansa. Kada a sa waƙar wani ko hoton wani ba da izini ba. Kada a gyara alƙaluman gwaji don su dace da abin da littafi ya ce. Idan sakamako ya saɓa, a sake gwajin a nemi dalili. Uwa-uba, kada malami ya rubuta wa ɗalibi bayanin ya ba shi ya haddace. Yin haka ya mayar da yaro kan matsalar da aka fara da ita, kuma ya koya masa cewa ana iya cin kyauta da guminsa ba a ciki ba.

8.0 Kammalawa

An ga cewa shiga gasar bidiyon kimiyya aiki ne da ya ƙunshi zaɓen batu daga muhallin ɗalibi, yin gwaji na gaskiya, tantance kalmomi, rubuta tsari, ɗauka, da kiyaye haƙƙin yara. A gasar duniya dubban ɗalibai ne suke shiga, ɗaya ko biyu suke cinyewa, don haka bai kamata malami ya yi wa yara alkawarin dala ba. Ribar da take tabbas ita ce ɗalibin da zai iya tsayawa gaban mahaifiyarsa ya gaya mata, da harshen da take ji, dalilin da ya sa ruwan randarta yake da sanyi, ta kuma gamsu. Malamin da aka tura Tambuwal ko Kebbe yana iya fara wannan aiki da waya ɗaya, ma'aunin zafi ɗaya, da randuna biyu.

Tambayoyin Bita

1. Bambanta gasar bidiyon kimiyya da gasar kacici-kacici.
2. Kawo siffofi uku na batu mai kyau, tare da misali ɗaya daga sana'o'in garinku.
3. Bayyana ma'anoni biyu na kalmar narkewa, ka nuna yadda za a raba su ga ɗalibin aji ɗaya na ƙaramar sakandare.
4. Mene ne amfanin randar da aka naɗe da leda a gwajin da aka kawo?
5. Rubuta tsarin bidiyo na minti 2 a kan ruwan zoɓo da kanwa, cikin Daidaitacciyar Hausa.